Tamanrasat: Hamadar Da Ake Kwana Da Bargo Biyu

'Yan'uwana mata, musamman ku ƙannena 'yan makaranta, in yau aka ce wa ɗayarku ga miji ya fito amma a Sahara yake zaune, na san abin da zai fara faɗo mata a rai. Rana, rairayi, raƙuma, da gumi har ya jiƙa zani. Sai a shiga haɗa kaya marasa nauyi, a zuba atamfa da leshi da boyel a akwati, a nemo mafici, wata ma har da fanka mai caji. Babu wanda zai tuna da bargo, balle safa da rigar sanyi. To wannan lissafi zai yi miki rana in da bazara aka sauke ki a Bilma. Amma akwai wata hamada da ke zaune a bisa dutse, can sama, wadda halinta ya sha bamban da wadda muke gani a littafin makaranta, kuma 'yan'uwanmu Hausawa sun daɗe suna shiga cikinta, wasu da aure, wasu da fatauci, wasu da karatu, wasu kuma da wahala. Ita ce ƙasar Ahaggar da ke kudancin Aljeriya, babban garinta kuwa shi ne Tamanrasat.

Bari mu fara da inda garin yake, domin da yawanmu a bakin 'yan ci-rani kawai muke jin sunansa. In kin tashi daga Kano kin miƙi arewa, za ki wuce Damagaram, ki wuce Agadas, ki wuce Arlit garin ma'adinin yuraniyom, ki isa Asamaka inda ƙasar Nijar ta ƙare. Daga In Gezam, garin bakin iyaka na ɓangaren Aljeriya, sauran kilomita kamar 400 a shiga Tamanrasat. Abin mamaki, Kano ta fi kusa da garin a kan Aljiyas, babban birnin ƙasar tasu, wanda ke nesa da kusan kilomita 2,000 ta mota.

Sai kuma maganar tsayi, wadda ita ce tushen duk abin da zan faɗa muku. Kano tana kan tudun da bai cika mita 500 daga saman teku ba. Jos da muke zuzuta sanyinta tana wajen mita 1,200. Tamanrasat ta haura mita 1,300, kuma duk da haka a gindin duwatsu take, domin a bayanta akwai tsaunin Tahat, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Aljeriya, sama da mita 2,900. Malaman labarin ƙasa sun koya mana cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Ku riƙe wannan don jarrabawa, wadda za ta je can kuwa a jikinta za ta karanta shi.

Garin kansa ja ne. Gidaje masu launin jar ƙasa, tituna masu inuwar wata bishiya mai siraran ganye wadda ba ta jin ƙishi, ga baƙaƙen duwatsu suna leƙo gari ta kowace kusurwa kamar masu gadi. Ba za ki daɗe kina baƙunta ba, domin kina shiga kasuwa za ki ji Hausa a bakin masu tireda da masu ɗinki da masu tura baro. Gasasshen naman da garin ya yi suna da shi, wanda Larabawan arewa ke nema da zarar sun sauka, kin san sunansa? Mainama. Wato dai mai nama namu ne, mahautanmu suka kai sana'ar, sunan ya bi ta ya zauna. Akwai kuma babbar kasuwar baje koli da ake kira Asihar, inda 'yan kasuwar Nijar da Mali da Aljeriya ke haɗuwa. Wannan hulɗa ba ta yau ba ce. Tun zamanin kakanni mutanen Ahaggar ke ɗora gishirin Amadror a kan raƙuma su gangara Damargu su yi musaya da gero.

To yanzu ga sanyi. A watan Disamba da Janairu da Fabrairu, da rana tsaka garin yana da daɗi ƙwarai, zafi wajen digiri 20, sama garau kamar an wanke ta. Wannan daɗin ne ke yaudarar baƙuwa ta fita unguwa da ɗan gyale. Rana tana faɗuwa sai ki ji kamar an buɗe firij. Busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumi, babu gajimare da zai rufe ƙasa, don haka duk zafin da duwatsu suka sha da rana sai ya tsere sama cikin 'yan awoyi. Kafin asuba ma'auni yakan sauka wajen digiri 5, wani daren ma har ruwan da aka bari a waje ya yi ƙanƙara. Hunturun Kano da muke kuka da shi, a wajen wannan ƙane ne. Dabarar ita ce sa kaya hawa-hawa, wato singileti, riga, suwaita, sannan mayafi mai kauri, yadda rana na ɗagawa za ki riƙa ragewa, tana yin sanyi ki mayar. Safa da hula su ne gaba da komai ga yara. Da bazara kuwa, lokacin da garuruwan kwari irin su In Salah ke tafasa sama da digiri 45, Tamanrasat takan tsaya wajen 35, dare ya yi kuma a samu iska mai daɗi. Nan tsayin ya biya ki.

Amma fa a nan ne nake so ku ajiye duk abin da kuke yi ku saurare ni, domin abin da zan faɗa ya ci rayuka. Al'adarmu ce in sanyi ya matsa a hura gawayi a kasko ko kurfoti a shigo da shi ɗaki, a ja ƙofa, a toshe taga da tsumma. A gidajenmu na ƙauye masu rufin ciyawa iska tana samun hanyar shiga, shi ya sa ake tsira. A ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe, wannan kwana ne da ajali. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle ta tashe ki. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Da farko ciwon kai, sai jiri, sai tashin zuciya, sai wani barci mai nauyi, shi ke nan. Ango da amarya sukan kwanta lafiya a wayi gari sai dai a ɓalle ƙofa. Ko hayaƙin gawayin ya ƙare ya koma jan garwashi, gubar tana nan tana fita, kada wata ta ce miki ai ya ruru babu komai.

A Aljeriya gas ya wadata, yawancin gidaje da shi ake ɗumama ɗaki da ruwan wanka, kuma duk hunturu sai jami'an agajin gaggawa na ƙasar sun yi ta sanar da mutuwar iyalai ta wannan hanya, saboda na'urar ɗumama ɗaki da ta lalace ko bututun hayaƙi da ya toshe. In kin tare a gida kin ga wasu 'yan ramuka a bango, ɗaya ƙasa ɗaya sama, kada ki cusa musu tsumma don suna shigo da sanyi. Da gangan magini ya bar su. In kuma kika ga ke da maigida da yara duk kanku na ciwo lokaci ɗaya, kada ki tsaya neman Panadol, ki wangale ƙofa da tagogi, kowa ya fita waje, a kira lamba 14, ita ce ta masu agajin. Ni dai shawarata, a ɗumama ɗaki kafin a kwanta, a fitar da wuta waje, a ƙara bargo. Bargo bai taɓa kashe kowa ba.

Bayan sanyi sai bushewa. Ruwan saman da Tamanrasat ke samu a shekara guda bai wuce milimita 50 ba, abin da Kano kan samu a dare ɗaya na watan Agusta. Iskar a bushe take ƙamas. Kin shanya wanki, kafin ki gama shara ya bushe. Kin bar burodi a buɗe, kafin azahar ya zama katako. To yadda iskar ke yi wa wanki haka take yi wa jikinki, sai dai ba za ki gani ba. A gida gumi ne ke gaya mana mu sha ruwa. A can gumin yana bushewa tun bai taru ba, ga sanyi yana kashe ƙishi, ga kuma numfashi da ya ƙaru saboda tsayi, kuma duk numfashi ɗaya da ɗan ruwan da yake fita da shi. Sai yarinya ta wuni ba ta sha kofi biyu ba, yamma ta yi ta kama ciwon kai da kasala, a ce ai baƙon wuri ne, ko a ce iskokin duwatsu ne suka shafe ta. Ƙishirwa ce kawai. Ki ajiye gora kusa da ke kina kurɓa ko ba ki ji ƙishi ba. Ma'auninki kuwa, ku gafarce ni, fitsari ne: in ya yi ja kamar shayi, kina bin jikinki bashin ruwa. Mai shayarwa ta ninka sha, ta yawaita ba jariri nono, amma jaririn da bai kai wata 6 ba kada a ɗura masa ruwa, nonon ya ishe shi.

Fata kuwa sai kin tashi tsaye. Faso a dunduniya, leɓe ya tsage har ya yi jini, hannu ya yi fari kamar an barbaɗa toka. Ki taho da man kaɗanyarki mai yawa daga gida, ki shafa jiki yana da ɗan danshi bayan wanka, ki rage sabulu mai kaifi da ruwa mai tsananin zafi. Da dare ki cika ƙafa da basilin ki sa safa. Haɓo ma yana yawan zuwa wa baƙi, musamman yara, saboda cikin hanci ya bushe ya tsage. Ɗan basilin a bakin hanci kafin barci yana taimakawa. In jinin ya zo, a zauna a sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan wajen hancin minti 10 ba a saki ba. Ɗaga kai sama da muka saba yi jinin kawai yake turawa maƙogwaro.

Ranar can ma mayaudariya ce. Ba za ki ji tana cizo ba saboda iska mai sanyi, alhali hasken nan nata mai ƙona fata ya fi na gida ƙarfi, domin duk mita 1,000 na tsayi yana ƙaruwa da kamar kashi 10 cikin ɗari. Ga masu shafa man bilicin, ina jiye muku. Fatar da aka kankare wa kariyarta ba ta da abin tare wannan rana, wata biyu ya isa kumatu su ƙone su yi baƙi-baƙi kamar gindin tukunya, a rasa na baya a rasa na gaba. Ko a gida ban ga amfanin abin ba, a can kuwa ganganci ne. Ki nemi tabarau mai duhu na gaske, ki rufe fuska da mayafi in iska ta taso da ƙura. Ba don ado kawai mutanen wurin suke naɗe kai ba.

Mu leƙa madafi, inda amarya ke fara jin kunya. Za ki ɗora wake kamar yadda Inna ta koya miki, lokacin da ya saba nuna ya yi, ki taɓa ki ji shi tsatsan. Ba hannunki ba ne, kuma ba a yi miki asiri ba. A tudu mai tsayi iska ba ta danne tukunya da nauyi sosai, don haka ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da ya saba ba. A bakin teku sai ya kai digiri 100, a Tamanrasat wajen 95 ya fara ɓulɓula, kuma ba zai wuce nan ba ko itace nawa kika tura. Ga shi yana saurin ƙonewa. Wake, ganda, kan rago, naman raƙumi, duk sai sun ƙara lokaci. Ki jiƙa wake tun dare, ki ƙara wa shinkafa ruwa, ki rufe tukunya ruf. Matan Aljeriya sun huta da wannan, kusan kowane gida akwai tukunyar nan mai murfin ɗauri mai yin fito, wadda suke kira kokot. Ki sa ta a cikin kayan ɗakinki tun kafin kwanukan jere. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ki ƙullo abinki daga gida. Garin alkama da taliya da burodi da madara kuwa suna da sauƙi a can, domin gwamnati tana tallafa wa farashinsu.

In an gayyace ki cin abinci za ki haɗu da tagella, wata gurasa da ake binnewa a cikin rairayi mai zafi da garwashi, in ta nuna a kakkaɓe ta a gutsuttsura a zuba miya ko man shanu. Kada ki yatsina fuska, babu ƙasa a ciki in gwana ya yi ta. Akwai kuma wani abin sha na dakakken gero da dabino da cuku, wanda in kin kurɓa za ki ce ƙanwar fura ce.

Ruwan famfon da za ki buɗe kuwa, ki san daga inda ya fito. Tun shekarar 2011 ake turo shi ta bututu daga rijiyoyin yankin In Salah, tafiyar kilomita kamar 750, kuma hawa ake yi da shi, injuna suna tura shi tudu bayan tudu. Wadda ta san haka ba za ta bar famfo yana zuba tana hira ba. Ki mallaki randa ko jarkoki, ki riƙa cika su.

Duk da wannan ƙarancin, ruwa yana kisa a Ahaggar. Akwai busasshen kwari da ya ratsa garin, irinsa kuma suna da yawa a daji, masu farin yashi mai laushi da 'yar inuwa, wurin da ya fi ko'ina daɗin zama. Wajen Agusta da Satumba, lokacin da jelar daminarmu ke kaiwa can, ruwa yakan sauka a kan duwatsu nesa da gari. Dutse ba ya shan ruwa, sai duk ya gangaro lokaci ɗaya. Ke kina zaune rana tana haske, ko ɗigo bai taɓa ki ba, sai ki ji ruri kamar na manyan motoci, kafin ki tattara yara ruwa ya iso da itatuwa da duwatsu. Ba a kwana a cikin kwari, ba a barin yara su yi wasa a ciki in an ga hadari a kan tsauni, kuma in direba ya ce zai ratsa ruwa mai gudu, ki ce ya sauke ki tukuna. Takalmi kuma a kakkaɓe shi kafin a sa, saboda kunama. Sauro dai kaɗan ne, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa Aljeriya ta rabu da zazzaɓin cizon sauro na cikin gida. Saboda haka in zazzaɓi ya kama ki bayan kin iso, ki gaya wa likita daga inda kika fito, don ya san abin da zai auna.

Sai zama da mutane. Mu a nan duk mai rawani da takobi Buzu muke ce masa, ba da wata manufa ba. A can ki kama bakinki, domin asalin kalmar tana nufin waɗanda kakanninsu bayi ne a cikin al'ummar, wani zai ji ta kamar zagi. Su Kel Ahaggar suke kiran kansu, harshensu Tamahak, rubutunsu Tifinag, wanda za ki gani a allunan ofisoshi, da'ira da ɗigo da gicciye kamar zanen lalle. Larabcin kasuwa ya bambanta da na Islamiyya, amma wadda ta yi Islamiyya ba za ta daɗe ba ta kama. Faransanci ma yana aiki a asibiti da ofis. Hutun mako Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce.

Abin da zai fi ba ki mamaki shi ne a al'adarsu namiji ne ke rufe fuska, mace tata a buɗe. Dattijo ba ya sauke amawali a gaban surukai ko baƙi, don haka kada ki ƙura masa ido in yana cin abinci. Mata suna naɗa wani dogon mayafi irin laffayar Barno. A daji tanti na mace ne, da shi take zuwa gidan aure, in aure ya mutu kuma da abinta take tashi. Sarautarsu ta gargajiya ma ta wajen uwa ake bin ta. Suna jingina asalin manyan gidajensu ga wata mace, Tin Hinan, wadda kabarinta ke Abalesa, kilomita kamar 80 yamma da gari. Da aka tona shi a 1925 an sami ƙasusuwan mace da warwaro 7 na azurfa a hannun dama, 7 na zinariya a hagu, an kuma kai su gidan tarihi na Bardo a Aljiyas. Suna da wani goge mai tsirkiya ɗaya, imzad, wanda mata kaɗai ke goga shi, maza su zauna shiru suna saurare, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2013. Amma kada wannan ya sa ki zaci gari ne na sakewa. Mutane ne masu tsananin kunya da kamun kai, ba sa son ɗaga murya, kuma cikin garin ya cika da Larabawa daga arewa masu nasu tsarin. Ki yi shigarki ta mutunci, ki yawaita gaisuwa. In an ɗora shayi, zagaye uku ne, kuma yakan ci awa guda. Wadda ta sha na fari ta miƙe ta yi rashin ladabi.

Yanzu ga maganar da ta fi duk sauran nauyi, wato hanyar zuwa. Aljeriya ba ta cikin ECOWAS, 'yar Nijeriya sai da fasfo da biza za ta shiga, kuma ƙasar tana da doka tun 2008 mai hukunta wanda ya shiga ko ya zauna babu izini. In aure ne zai kai ki, iyaye su tambayi angon takardar zamansa, su gan ta da idonsu, a yi miki taki bizar da sunanki, fasfonki kuma ya zauna a hannunki. Soyayya ba ta hana wannan tambaya. Wanda ke son ki da gaske ba zai ɗora ki a bayan Hilux cikin dare ya bi da ke ta bayan gari ba.

Ina faɗar haka ne saboda akwai masu yawo gida-gida, sau da yawa ma mata ne 'yan'uwanmu, suna yi wa zawarawa da 'yan mata romon baka, wai can kuɗi kamar ƙasa, aikin gida kawai za ki yi, ko ki ɗauki yara biyu ku zauna bakin masallaci. A watan Oktoba na 2013 wasu motoci biyu da suka tashi daga Arlit za su Tamanrasat suka lalace a cikin hamada, sun kauce wa babbar hanya don gudun jami'ai. Da aka kai ga mutanen, gawa 92 aka ƙirga: yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu daga yankin Kance ne a jihar Damagaram, Hausawa irina irinki, waɗanda yunwa ta koro daga gida. An tsince su a warwatse, nan uwa da 'ya'yanta, can yara su kaɗai, ba su da nisa sosai da iyakar da suke nema. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Waɗanda suka isa lafiya ma ba su tsira ba, domin tun ƙarshen 2014 hukumomin Aljeriya ke kwashe marasa takardu suna mayarwa Nijar, dubbai a kowace shekara, wasu a sauke su a wani fili da babu ko bishiya a bakin iyaka, su taka kilomita kamar 15 zuwa Asamaka, da masu ciki da masu goyo. Ƙanwata, in wata ta zo miki da wannan tayi, ki kai maganar wajen babba a gidanku ranar nan.

Ko da takardunki cif, tafiyar hamada tana da ƙa'ida. Tsakanin gari da gari babu sabis na waya, babu rijiya. Ruwan sha ya ninka abin da ake zaton za a buƙata, wani a gida ya san ranar tashinku da ranar da ya kamata ku isa, kuma in mota ta lalace a zauna kusa da ita a yi inuwa, domin mai nema ya fi saurin hango mota a kan mutum. Yanayin tsaron yankin iyakar yana canzawa, don haka mai hali ta bi jirgi ta Aljiyas, awa biyu da rabi ne daga can.

Wadda kuwa ta shiga ta ƙofa ta zauna lafiya, kada ta yarda ta baro ƙasar ba a kai ta Asekrem ba. Ki matsa wa maigida, wannan ya fi sabon leshi. Tudu ne mai tsayin mita 2,700 da 'yan kai, kilomita kamar 80 daga gari, amma hanyar duwatsu ce, sai mota mai ƙarfi, sai kuma ɗan jagora mai izini, tafiyar awa uku ko fiye. A hanya akwai tafkunan Afilal a cikin dutse, ruwa garai-garai har da 'yan kifaye a tsakiyar Sahara. A ƙolin tudun akwai wani ɗan ɗakin dutse da wani malamin Kirista Bafaranshe, Sharl de Fuko, ya gina a 1911. Shi ne ya tattara babban ƙamus na harshen Tamahak kafin a kashe shi a Tamanrasat a 1916.

Kafin a ɗaura niyya, kowa ta san rukunin jininta. A wannan tsayi iskar da ke shiga huhu a numfashi ɗaya ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Mai lafiya za ta ji haki, wataƙila ciwon kai da rashin barci, maganinsa tafiya a hankali da shan ruwa, in abin ya ƙaru har da amai ko tangaɗi a sauko da ita nan take ko da tsakar dare ne. Amma mai sikila, wato SS ko SC, ƙarancin iska da sanyi da ƙishi su ne manyan abubuwa uku da ke tayar mata da ciwo, kuma ga su duk a wuri ɗaya, ga asibiti da nisa. Ita ko zama cikin garin ma sai ta yi shawara da likitanta tun a gida, Asekrem kuwa ta haƙura. Mai AS ma, wadda ba ta taɓa jin komai ba, tsayi irin wannan yana iya taɓa mata saifa, don haka in ta ji ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin hagu a gaggauta saukowa. Mai juna biyu ta bari sai ta sauka lafiya.

Ana kwana a masaukin da ke gindin tudun, a tashi da duhu a hau da ƙafa, hawan da ba shi da tsawo amma sai kin tsaya hutu sau uku. Sanyin wurin ba a magana, da hunturu yana sauka ƙasa da sifiri, wata shekarar har dusar ƙanƙara. Sai ki samu dutse ki zauna cikin bargonki. Gabas ta fara ja, sai duwatsun Atakor su riƙa fitowa daga duhu ɗaya bayan ɗaya, wasu tsaye kamar tabarya, wasu kamar haƙoran zarto, wasu kamar hasumiya, ragowar tsoffin duwatsu masu aman wuta ne da iska ta sassaƙe. Launinsu ya tashi daga baƙi ya koma shuɗi, ya koma ja, ya koma ruwan zuma, duk cikin minti kaɗan, kuma shiru ne irin wanda har bugun zuciyarki za ki ji. Can sai wani ɗan baƙin tsuntsu mai farar hula ya sauka kusa da ƙafarki ba tsoro. Mula-mula suke kiransa, suna ɗaukarsa mai kawo albishir, ba a korarsa. Ki marmasa masa burodi, ki shanye shayinki da zafinsa, domin a can sama minti biyu ya ishi kofi ya huce.